Kafin a Shimfiɗa Intalok: Wa Za a Danƙa wa Gyaran Tsakar Gida?

Duk wanda ya zaga sababbin unguwanni da safe a watan Agusta, bayan an kwana ana sheƙa ruwa, zai ga abin da tallan masu gyaran gida ba ya nunawa. Ko Danbare da Rijiyar Zaki a Kano, ko Lokogoma da Lugbe a Abuja, labarin kusan ɗaya ne. Gida sabo fil, fenti bai ko dusashe ba, amma da an turo get sai a tarar da ruwa kwance a tsakiyar haraba.

Intalok ya lotsa daidai inda tayar mota ke tsayawa. Yashin da aka cike tsakanin duwatsun da shi ya bi ruwa ya tafi. Uwargida ta sa yara sun ɗauko tsintsiya suna kora ruwa zuwa rariya, ruwan kuma yana dawowa, don bakin rariyar ya fi tsakar gidan tudu. A gindin bangon falo danshi ya fara hawa, fenti yana kumbura.

Maigida na tsaye da waya a kunne. Wanda ya yi aikin bai ɗauka ba. In ma ya ɗauka, amsar sananniya ce: yana wani aiki a wani gari, amma in Allah ya yarda zai shigo ranar Asabar.

Miliyoyin naira ake zubawa a irin wannan aiki yanzu, kuma da yawa daga masu zuba su ba attajirai ba ne. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da 'yan fansho da suka yi shekaru suna tayar da gini bulo bayan bulo, suka iso ƙarshe a gajiye, suka miƙa harabar ga wanda ya fara zuwa da hoto mai kyau a waya. Mutum zai yi wata guda yana binciken birkilan da zai ɗora masa bene, amma wanda zai yanke hukuncin inda ruwan saman gidan gaba ɗaya zai bi, a zama ɗaya ake ɗaukarsa.

Daga daɓe zuwa intalok

Zaman waje ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Ɗaki na kwana ne da ajiya, rayuwa kuwa a tsakar gida take. A nan ake girki da wanki da shanya, a nan ake shimfiɗa tabarma bayan isha'i, in zafin bazara ya tsananta ma a nan ake kwana. Maza na da zaure da dakalin ƙofar gida, mata na da rumfa da gindin bishiya.

Gyaran wannan fili yana da masu shi tun da. Mata ne ke yin daɓe ta hanyar gayya: a baza tsakuwa, a yayyafa ruwa, a bi da madaɓi ana bugawa ana waƙa har ƙasa ta yi tauri, sannan a bi da ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa. Magina kuma suna ƙarƙashin Sarkin Magina, a sana'ar da ta fitar da irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

A wancan tsari mai aikinka maƙwabcinka ne. Ka san gidansu, ka san ubangidansa, kuma idan ruwa ya kwanta maka a gida, a sahun asuba za ku haɗu. Sanayya da kunya su ne garantin aikin.

Da gari ya faɗaɗa, wannan ya kau. Abuja kuma ta kawo wa mutane sabon ido. Tsarin birnin na 1979 ya ware filaye masu yawa don lambuna da wuraren shaƙatawa, kuma tun da Sarauniya Elizabeth ta biyu ta buɗe lambun Millennium Park a Disamban 2003, wanda ɗan Italiya Manfredi Nicoletti ya zana, shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da jerin furanni suka zama alamar wayewa. Waɗanda suka yi aiki a can sun koma garuruwansu da wannan sha'awa. Instagram da TikTok suka ƙarasa sauran.

Ba duka ne kwalliya ba. Wutar lantarki ba ta tsayawa, ɗakin siminti mai rufin kwano kuwa ba ya zaunuwa a watan Afrilu idan zafi ya kai maki 40. Hayar zauren biki ta yi tsada, don haka suna da walima da kamu sun fara komawa gida. Fargabar tsaro ta sa iyaye sun fi son yara su yi wasa a cikin katanga. Buƙatar gaskiya ce, kuma kasuwa ta amsa ta da gaggawa.

Kowa ɗan kwangila ne

Injiniya na da hukumar COREN da ke masa rajista, mai zanen gine-gine na da ARCON, ƙwararren magini na da CORBON. Amma mai shimfiɗa intalok da dasa ciyawa da kafa rumfa, babu wanda ke tambayarsa takarda. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Legas suna koyar da tsara haraba da lambuna a matakin digiri na biyu, sai dai waɗanda suka fito daga can ba su da yawa, kuma an fi ganinsu a ayyukan gwamnati da manyan rukunin gidaje.

Wanda talaka ko matsakaicin ma'aikaci zai haɗu da shi, ɗayan mutum uku ne. Akwai mai buga intalok, wanda ya iya dutse amma bai san shuka ba. Akwai mai sayar da fulawa a bakin titi, wanda ya san shuka amma bai taɓa auna gangaren ƙasa ba. Sai na uku, ɗan kamasho: ba ya buga dutse, ba ya renon shuka, aikinsa ya karɓi kwangila ya cire nasa, ya raba ragowar ga mai walda da birkila da leburori a kan kuɗin da ba zai isa a yi aiki mai kyau ba.

Ba laifi ba ne mutum ɗaya ya haɗa masu sana'a daban-daban, ai aikin ɗan kwangila ke nan. Tambayar ita ce, shi da kansa ya san aikin har ya iya cewa birkila ya tayar da abin da ya shimfiɗa ya sake? Kuma zai tsaya a wurin, ko sai ranar karɓar kuɗi za a ga ƙeyarsa?

Aikin da ido ba ya gani

Mafi yawan abin da ke sa haraba ta daɗe ko ta lalace, a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma ranar da aka gama aiki babu mai iya ganinsa. Wannan ne ya sa ha'inci ya yi sauƙi a sana'ar.

Aikin kirki da awo yake farawa. Kafin a sauke tifa ko ɗaya ta yashi, sai an san tsayin daɓen ɗakuna, da tsayin titi, da inda lambatun unguwa yake. Birkilolinmu na da hanya mai sauƙi ta yin wannan, da siririn tiyo mai ruwa a ciki da igiya da turaku. Ana so fili ya gangara daga jikin gini zuwa mafita da kimanin santimita biyu a kowace mita, kuma saman intalok ya zauna ƙasa da daɓen ɗaki da kamar santimita 15, don kada ruwa ya riƙa shan bango.

Daga nan sai a kwashe ƙasar sama mai laushi, da ɓaraguzan gini, da buhunan siminti da aka binne. A zuba marmara ko dakakken dutse mai kaurin santimita 10 zuwa 15, ana yayyafa ruwa ana bi da injin daddaɓe ƙasa, hawa-hawa. A nan aka fi cin amana. Hayar inji da mansa kuɗi ne, don haka sai a baza jar ƙasa, leburori su tattaka da ƙafa, a rufe da yashi. Ranar farko ba a bambanta wannan da aikin gaske. Damina ɗaya ce ke bambanta su.

Wuraren da aka haƙa aka mayar da ƙasa, kamar kewayen sokawe da hanyar bututun ruwa, su suka fi saurin zama. Ɗan kwangilar da ya san abin da yake yi, da kansa zai tambaya a ina aka binne bututu da wayar wuta, ba sai diga ta fasa su ba.

Yashin da ake ɗora dutse a kai siriri ne, santimita uku zuwa huɗu, kuma mai kaifi ake so. Idan aka ga an jibga yashi mai kauri, to ana ɓoye rashin daidaiton ƙasa ne. Sai bakin kankare da ke riƙe duwatsun daga gefe. In babu shi, ko an kafa shi ba tushe, intalok zai riƙa buɗewa a hankali duk lokacin da mota ta juya.

Shi kansa dutsen akwai magana. Mai kaurin milimita 60 ya isa tafiyar ƙafa da ƙaramar mota, amma inda tankar ruwa ko babbar mota za ta shiga, mai 80 ake sawa. Kankare na buƙatar kusan kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuma sai ana ba shi ruwa a makon farko. Mai gaggawa kan buga yau ya shimfiɗa jibi. Mai son riba kan ƙara yashi ya rage siminti, ya fitar da duwatsu fiye da kima daga buhu ɗaya. Gwajin ba wuya: a ɗauki biyu a gwara su, mai kyau yana ƙara tas, mai algus kuwa sautinsa a dushe yake, kuma ƙusa na kankare gefensa.

Wanda ya saurari wannan bayani zai gane dalilin da ya sa farashin mutum biyu kan sha bamban ƙwarai a kan fili ɗaya. Sau da yawa mai arhar ba rangwame ya yi ba, wani abu ya cire daga ƙarƙashin ƙasa. Hausawa sun riga sun faɗa, araha ba ta ado.

Ruwa da inuwa

Ruwan da Kano ke samu a shekara bai cika kai mita ɗaya ba, amma kusan dukkansa a wata huɗu yake sauka, wani lokaci da yawa a dare ɗaya. Idan aka yi ruwa na milimita 50 a kan fili mai murabba'in mita 200 da aka rufe ruf, lita dubu goma ke nan, jarka ɗari huɗu, ban da wanda indararo ke zubowa daga rufi. Dole ya sami inda za shi. In bai shiga ƙasa ba, zai shiga falo, ko gindin katangar maƙwabci, ko ya fita titi ya haɗu da na sauran gidaje.

Wannan ne ya sa nake ganin yayin rufe tsakar gida kaf, daga get har bayan gida, cuta ce da muke yi wa kanmu. Rijiyoyin unguwa da burtsatse daga wannan ruwan suke sha. Kano a kan dutse take zaune, ruwan ƙarƙashinta ba mai yawa ba ne, kuma kowa ya san yadda burtsatse ke ja da baya a bazara. Ga kuma zafi: siminti na shan rana yini guda, ya kwana yana amayar da ita. Gidan da aka sare darbejiya aka shimfiɗa dutse, an kashe kuɗi ne an sayi zafi.

Ciyawa ma a yi lissafi kafin a yi sha'awa. A tsakiyar rani kowace murabba'in mita na iya shan lita biyar zuwa takwas a rana. Ɗan fili mai murabba'in mita 50 zai ci jarka goma zuwa sha shida kullum. Gidan da ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ba zai jure wannan ba, kuma mai aikin da ke da amana zai faɗi haka tun farko, ko da ya rasa cinikin. Zai ba da shawarar a rage faɗin ciyawar, ko a sa irin mai jure fari, ko a bar ƙasa da tsakuwa a gindin bishiyoyi. Ciyawar roba da ake yayi ba ta shan ruwa, amma da rana tsaka ba ta takuwa da ƙafa ba takalmi, sai a wurin da ke da inuwa.

Bishiya ita ce mafi arhar abin da za a sa a haraba, kuma ita ce ta fi amfani, sai dai a san wurinta. Ceɗiya da durumi saiwarsu na bin danshi har cikin sokawe. Bishiyar adon nan mai rassa hawa-hawa da ta cika gidajen Abuja da Kano, saiwarta a sama-sama take tafiya, bayan 'yan shekaru sai ta ɗaga intalok. Mangwaro da darbejiya na son a ba su tazarar mita biyar ko fiye daga gini. A ƙaramin gida, gwaiba da lemo da zogale sun fi dacewa. Kuma ramin shuka ƙasar noma da taki yake so. Yawancin furannin da ke mutuwa a wata na biyu, a kan ɓaraguzan siminti aka dasa su.

Rumfa kuwa abokan gabanta biyu ne, gara da iskar farkon damina. Katakon da ba a yi wa magani ba, ko wanda aka kafa kai tsaye a ƙasa, abincin gara ne. Ta ƙarfe kuma, in ƙafafunta ba su shiga kankare da zurfi ba, ko bututun siriri ne, hadarin Mayu na iya ɗauke ta ya dira a kan mota.

Su ma suna da ta cewa

Rashin adalci ne a ɗora komai a kan masu aiki. Duk wanda ya zauna da su a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar kayan gini ta Dei-Dei a Abuja, zai ji koke-koke iri ɗaya.

Na farko farashi. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, buhun siminti da ake saya ƙasa da naira dubu biyar ya haura dubu goma a wurare da dama a farkon 2024. Wanda ya karɓi aiki a kan tsohon farashi, ko dai ya yi asara, ko ya rage inganci, ko ya dawo ya ce, "Alhaji, wallahi kaya sun tashi." Sau da yawa gaskiya ya faɗa.

Sannan akwai maigidan da ke kawo hoton wani gida na Dubai da kuɗin da bai kai rabin aikin ba, in an yi masa bayanin marmara da inji ya ce wayo ake son yi masa, ga wani can ya yi masa ƙasa da haka. Akwai mai sauya ra'ayi bayan an shimfiɗa rabi, ba tare da ya yarda a sauya lissafi ba. Akwai mai riƙe cikon kuɗi wata da watanni bayan an gama, alhali leburori kullum ake sallamarsu. Masu shuke-shuke kuma na cewa ana barin furanni a hannun maigadi, ba ruwa ba taki, in sun bushe a ce an sayar da marasa kyau.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika tambaya ba, wato matan gida. Maigida da ɗan kwangila kan tsaya a bakin get su gama tsara komai, alhali wadda za ta yini a filin tana ciki. Sai an gama a tarar babu wurin shanya, babu inda za a kafa tukwanen biki ba tare da wuta ta ɓata dutse ba, babu inda za a yanka ragon layya a wanke jini ya wuce, famfo kuma yana can nesa da madafa. Mai aikin da ya ce, "Ranka ya daɗe, a tambayo mana Hajiya inda take wanki da shanya," ya nuna ya san gidan mutane yake gyarawa.

Gani ya kori ji

Hoto a waya ba shaida ba ne. Ana ɗauko na wasu a intanet, kuma ko nasa ne, ranar da aka gama aka ɗauka. Abin da za a nema shi ne a kai mutum gidan da aka yi wa aiki tun shekara biyu ko uku da suka wuce, wanda ya sha damina aƙalla biyu. A duba inda mota ke tsayawa, a duba gefen sokawe, a duba gindin bango. In da hali a roƙi bokitin ruwa a zuba a ga inda zai nufa. Sannan a keɓe da mai gidan a tambaye shi: an gama a kan lokaci? An ƙara kuɗi a hanya? Da abu ya lalace, ya dawo?

Tambaya ta ƙarshen nan ta fi sauran nauyi. Babu aikin da ba ya samun tangarɗa. Mutumin kirki shi ne wanda ke dawowa.

Yadda mutum ya duba fili ma na nuna ko wane ne shi. Wanda ya leƙo daga get ya faɗi farashi a tsaye, a yi hattara da shi. Na gaske zai zaga har bayan gida, ya ɗaga kai ya ƙirga indararo, ya fita waje ya duba lambatu, ya tambayi inda ake samun ruwa da rani, da motoci nawa ke kwana a gidan, da ta ina rana ke dukan fili da la'asar.

A karɓi ƙiyasi daga mutum uku, kowanne a rubuce kuma dalla-dalla: murabba'in mita nawa, dutse mai kauri nawa, tifa nawa ta marmara, akwai hayar inji ko babu, shuka iri kaza guda kaza, ladan aiki nawa. Takardar da ke da layi ɗaya tak da jimillar kuɗi ba ta ba da damar kwatanta komai. In kamfani ne, ana iya duba rajistarsa a shafin hukumar CAC, kodayake rajista tana tabbatar da cewa kamfanin yana nan ne kawai, ba ta tabbatar da ya iya aiki ba. A san shagonsa ko wurin da yake buga dutse. In kuwa aikin ya haɗa da katangar riƙe ƙasa, ko kwamin wanka, ko rumfa mai rufin kankare, to ya wuce na birkila, sai an sa injiniya mai rajista. Duk abin da zai fita wajen katanga ko ya taɓa lambatun titi, a fara tuntuɓar hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna.

Kafin alƙalami da bayansa

Da yawa daga cikinmu na jin nauyin cewa a rubuta, musamman in mai aikin ɗan'uwa ne, ko aboki ne ya kawo shi. Ana ganin kamar rashin yarda ne. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Zumuncin da ya lalace a kan kwangilar baka ya fi wanda takarda ta ɓata yawa nesa ba kusa ba.

Takardar ba sai lauya ya rubuta ba, in aikin ƙarami ne. Shafi biyu da Hausa sun isa, da ɗan zane ko na hannu ne mai nuna inda ruwa zai bi, da ranar farawa da ta gamawa, da sa hannun shaidu biyu. A faɗi wanda zai sayi kaya. A faɗi abin da za a yi in siminti ya tashi. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi manyan kaya tun farko a ajiye a gidan maigida, ba a shagon ɗan kwangila ba. Duk wani canji da aka yi a hanya, a rubuta kuɗinsa kafin a taɓa shi, ko da ta saƙon WhatsApp ne.

Kuɗin kafin alƙalami shi ne inda aka fi kuka. Ko gwamnatin tarayya, a dokarta ta bayar da kwangila ta 2007, kashi 15 cikin ɗari ta ƙayyade, daga baya aka ɗaga zuwa 30, kuma sai da lamunin banki ko kamfanin inshora. Babu dalilin da zai sa mai gida ɗaya ya miƙa kashi 70 ga mutumin da ya sani makon jiya. A biya mataki-mataki: bayan haƙa da awo, bayan daddaɓe marmara, bayan shimfiɗa, bayan dashe. Mataki na biyun nan, maigida ya je da ƙafarsa ya gani kafin a rufe da yashi, ko ya tura wanda ya san aiki, ya kuma ɗauki hoto.

A manyan ayyukan gini al'ada ce a riƙe kimanin kashi biyar cikin ɗari na tsawon wata shida, don gyaran abin da ya ɓullo. A aikin haraba ya fi kyau a ɗaure wannan da damina, tunda galibi da rani ake aikin dutse, a yi dashe in ruwa ya sauka. Shuke-shuke kuma a yi yarjejeniyar wata biyu ko uku na reno, wanda ya mutu a cikinsu a musanya. Amma in wa'adi ya cika aiki na nan lafiya, a biya mutum haƙƙinsa ba tare da ya yi sintiri ba.

Idan an saɓa

Abin da mutane suka fi yi in ɗan kwangila ya gudu shi ne su nufi ofishin 'yan sanda. In akwai zamba ƙarara, kamar wanda ya karɓi kuɗi da sunan ƙarya ya ɓace, wannan hurumin 'yan sanda ne. Amma saɓa alkawarin kwangila shari'ar haƙƙi ce, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a kanta kawai.

Matakin farko shi ne wanda ya haɗa ku, da shugabannin ƙungiyar masu sana'ar a kasuwarsu, don har yanzu maganarsu na da nauyi a wurin mai son ci gaba da cin abinci a wurin. Mai unguwa da Hisba a jihohin da take ma suna sulhunta irin wannan. In abin ya faskara, jihohi da dama, ciki har da Legas da Kano, sun buɗe kotunan ƙananan da'awa, inda mutum zai iya shigar da ƙara da kansa ba lauya, a kan kuɗin da bai wuce 'yan miliyoyi ba, kuma an tsara a gama cikin kimanin wata biyu.

A duk inda aka je, abin da za a nema ɗaya ne: takardar yarjejeniya, da shaidar tura kuɗi ta banki, da saƙonnin da aka yi musaya, da hotunan aikin a kowane mataki. Wanda ya biya a hannu, a bakin get, ba shaida ba rasit, sai dai a ba shi haƙuri.